Kwana Biyar Butar Baba Ba Ta Motsa Ba: Abin da Muka Koya Game da Maganin Laushin Bayan Gida



Mun daɗe muna shawara a gidanmu kan ko mu rubuta wannan ko mu bari, domin magana ce da ba a saba yin ta a zaure ba. Da muka nemi izinin Baba, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, can ya ce, "Ku rubuta, amma kada ku sa sunana." Mun cika masa alkawari. Ku gafarce mu idan wata kalma ta yi muku nauyi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babanmu manomi ne a nan Doma. Da riɗi da doya ya ciyar da mu, ya kuma biya mana kuɗin makaranta. Shekara da shekaru yana fama da ƙaba yana ɗaurewa, sai a bazarar da ta wuce ya yarda muka kai shi Lafiya aka yi masa aiki. Aikin ya yi kyau. Ranar da za a sallame mu likita ya ja mana kunne kan abu biyu: kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kuma kada ya yi yunƙuri a banɗaki, don kada ɗinkin ya samu matsala. Aka ba mu takarda mai ɗauke da magani huɗu. Akwai na kashe zafi, akwai na ƙwayoyin cuta, akwai na ƙarin jini, sai na huɗu da aka ce mana na laushin bayan gida ne.

A nan muka yi kuskuren farko. Kuɗin hannunmu ya riga ya yi ƙasa. Da muka tsaya a kemis, sai muka dubi juna muka ce ai cikin Baba lafiya lau yake, me zai yi da wannan? Muka sayi uku, muka bar na huɗu.

Muka dawo gida. Mutumin da ya saba fita gona tun asuba ya koma kwance a kan katifa. Abincinsa ya zama shayi da burodi da safe, ɗan tuwon shinkafa da dare. Zafin bazara kuwa kun san yadda yake a garin nan, mutum na zaune gumi na zuba. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne Baba ya rage shan ruwa da gangan, saboda ba ya son a riƙa kama shi ana raka shi bayan gida kamar yaro. Kullum muka gaishe shi, "Baba, ya jiki?" amsa ɗaya ce: "Da sauƙi."

Inna ce ta gano. A rana ta biyar ta kira mu gefe ta ce, "Ku kuwa kun lura butar babanku ta bayan gida tana nan yadda na ajiye ta? Ta alwala kawai yake taɓawa." Babu wanda ya iya tambayarsa kai tsaye. Sai da babban yayanmu ya shiga ya rufe ƙofa, sannan Baba ya amsa cewa tun ranar aiki bai zaga ba, kuma cikin ya fara yi masa nauyi.

Muka ruga kemis da takardar. Aka ba mu wasu 'yan ƙwayoyi masu taushi, sunan da ke jikin kwalin shi ne Docusate. Baba ya haɗiye da ɗan kurɓin ruwa ya kwanta. Gari ya waye shiru. Nan take muka yanke hukunci cewa jabu aka sayar mana. Wannan shi ne kuskure na biyu.

Na uku ya fi su muni. Wata dattijuwa mai son mu da alheri ta kawo jiƙo a gora, ta ce filasko ne da wasu saiwoyi, kofi ɗaya zai wanke cikin tas. Mu da kanmu muka ƙara masa na biyu don a gama da wuri. Kafin tsakar dare murɗar ciki ta taso. Baba na zufa, yana nishi, wani ruwa-ruwa na fita kaɗan kaɗan, amma abin da ya toshe yana nan daram. Ya yi ta yunƙurin da aka hana shi, har muka ga jini. Da ya miƙe jiri ya ɗebe shi, Allah Ya sa akwai mutum a bayansa. A daren muka nemi mota sai Lafiya. Hanyar da muka saba bi muna hira, ranar babu wanda ya buɗe baki. Kowa tunanin ɗinkin yake yi.

Allah Ya rufa asiri, ɗinkin bai buɗe ba. Jinin daga 'yar tsagewa ce a bakin dubura. Likitan da ya duba shi ya ce bayan gidan ya daskare ya toshe ƙarshen hanji, ruwan da muka gani kuwa ta gefensa yake zurarowa. Aka sa masa ruwa a jijiya, aka yi masa magani ta ƙasa har abin ya fita. Da gari ya waye Baba ya samu barci, likitan ya zaunar da mu a baranda. Bai yi mana faɗa ba. Ya dai tambaye mu, "Kun san yadda maganin da kuka kira jabu yake aiki?" Muka ce a'a. Abin da ya gaya mana, da wanda muka bi diddigi muka karanta daga baya, shi muke son mu ba ku.

Abincin da muka ci, bayan ƙaramin hanji ya tsotse amfaninsa, ragowar tana shiga babban hanji ne a matsayin ruwa-ruwa. Babban hanjin nan tsawonsa ya kai kimanin mita 1.5, kuma babban aikinsa shi ne mayar wa jiki ruwa. A kullum kimanin lita 1.5 ke shiga cikinsa, wato kamar leda uku ta fiya wata, amma abin da ke fita tare da bayan gida bai kai rabin leda ɗaya ba. Bayan gida mai kyau kusan kashi 75 cikin 100 nasa ruwa ne. Matsalar ita ce hanji ba ya daina tsotsa. Muddin abu na zaune a cikinsa, yana ci gaba da jan ruwansa. Kwana ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama biyar, sai abin ya bushe ya yi tauri. Da ya yi tauri fitarsa sai da zafi, da mutum ya ji zafi sai ya riƙe, da ya riƙe sai ya ƙara bushewa.

A kan Baba abubuwa da yawa suka taru. Maganin kashe zafin da aka ba shi dangin Tramadol ne, kuma duk magungunan wannan gida, har da Kodin, suna rage motsin hanji. Maganin ƙarin jini ma yana ɗaure ciki ga mutane da yawa. Ga kwanciya, ga abinci marar ganye, ga ƙarancin ruwa a tsakiyar bazara. Likitan da ya rubuta magani na huɗu ya hango duk wannan. Mu ne muka ɗauka ƙari ne kawai a takarda.

To, yaya Docusate ke aiki? Duk wadda ta taɓa wanke tukunyar miyar manja ta san amsar. Idan kika zuba ruwa zalla, sai ya riƙa zamewa a kan maiƙon, ba ya ratsawa. Da kin ɗiga sabulu, sai ruwa da mai su haɗu, dattin ya saki. Docusate ɗan uwan sabulu ne ta wannan fuska. Yana karya ƙin jinin da ke tsakanin ruwa da maiƙo, sai ruwan da ke cikin hanji ya samu hanyar ratsa busasshen bayan gida ya jiƙa shi. Ba ya tura komai, ba ya murɗa hanji. Jiƙawa kawai yake yi.

Daga nan abu biyu suka fito fili. Na farko, sabulu ba ya wanki sai da ruwa. Baba ya haɗiyi ƙwayar da kurɓi ɗaya a jikin da ya kwana biyar yana ƙishi, to da me maganin zai jiƙa? Shi ya sa ake cewa a sha shi da cikakken kofi, a kuma ci gaba da shan ruwa duk yini. Na biyu, jiƙo sai da lokaci. Ƙanzon da ya kama gindin tukunya ba a zuba masa ruwa a ce ya saki nan take, sai an bar shi ya kwana. Docusate na ɗaukar kwana 1 zuwa 3 kafin a ga aikinsa. Mu awa 10 muka ba shi muka kira shi jabu.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mu faɗa, don kada wani ya karanta wannan ya ɗauka mun samo maganin komai. Docusate magani ne mai rauni. Amfaninsa ya fi yawa wajen hana bayan gida yin tauri tun farko, ga wanda bai kamata ya yi yunƙuri ba: wanda aka yi wa aiki, mai jego, mai basir ko tsagewar dubura, mai ciwon zuciya. Idan abu ya riga ya daskare kamar na Baba, ya fi ƙarfinsa. Su kansu likitoci ba su gama gamsuwa da shi ba. A 1998 an yi wani gwaji a Amurka inda aka kwatanta shi da garin ɓawon ƙwayar wani tsiro mai riƙe ruwa, irin wanda ake sayarwa da sunan Fybogel, aka ga garin ya fi shi laushin bayan gida. A 2013 kuma an yi wani a Kanada kan marasa lafiya masu jinya mai tsanani, aka ga ƙara Docusate a kan maganin Senna bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Don haka idan likita ya rubuta muku wani abu daban, kada ku yi mamaki.

Wanda aka sallame mu da shi karo na biyu shi ne Lactulose, wani ruwa mai kauri da zaƙi kamar zuma. Shi hanyarsa daban. Wani nau'in sukari ne da jikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, don haka yana wucewa har babban hanji yadda yake. A can sai ya riƙa jawo ruwa zuwa cikin hanjin, kamar yadda gishiri ke jawo laima idan aka bar shi a buɗe da damina. Docusate yana buɗe wa ruwa ƙofa ne, Lactulose kuwa yana kawo ruwan da kansa. Shi ma yakan ɗauki har kwana 2, kuma a farkon shansa yakan sa kumburi da yawan fitar iska, saboda ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji suna cin sa. Mun gaya wa Baba tun da wuri don kada ya tsorata ya daina.

Sai wanda da yawanmu muka sani tun muna yara, Liquid Paraffin. Shi mai ne, yana shafe bayan gida ya sa shi santsi. Likitan ya ce mu nisanta shi da Baba. Dalili shi ne idan tsoho ko ƙaramin yaro ko wanda ke kwance ya ƙware da shi, man na iya gangarawa huhu ya haddasa ciwo mai wuyar magani. Idan aka daɗe ana sha kuma yana hana jiki tsotsar bitamin A, D, E da K. Ba a kuma haɗa shi da Docusate, domin Docusate na iya sa man ya ratsa bangon hanji ya shiga jiki.

Na ƙarshe su ne masu murɗa hanji, irin su Bisacodyl da aka fi sani da Dulcolax, da kuma Senna. Waɗannan su ne bulala. Suna tsikarar bangon hanji ya matse ya tura abin da ke ciki, yawanci cikin awa 6 zuwa 12. Abin da ya ba mu mamaki shi ne da likitan ya ce ƙwayar Senna daga ganyen ɗan uwan filasko ake yin ta, kuma ya rubuta wa Baba ita, ƙwaya kaɗan da dare, tare da Lactulose, na tsawon kwanakin da zai ci gaba da shan maganin zafi. Muka ce, "Likita, ba shi ne ya kusa kashe shi ba?" Ya ce ganyen ba shi da laifi. A ƙwaya an san awon da ke ciki, a gora babu wanda ya sani, balle sauran saiwoyin da aka haɗa. Sannan mun yi bulala alhali hanya a toshe take. Jakin da aka ɗaure a turke, ko an dake shi ba inda za shi, sai dai ya ji ciwo.

Wannan ita ce ɗabi'ar da muke ganin ta fi cutar da mu a garin nan. Mun saba da cewa maganin ciki na gaskiya shi ne wanda zai sa mutum zarya banɗaki har ƙafafunsa su yi sanyi. Muna kiransa wankin ciki, muna jin daɗi wai datti ya fita. Ranar kasuwa kuna jin masu lasifika suna tallar maganin basir da ke warkar da cuta goma sha. Abin da ke fita a irin wannan zawo yawancinsa ruwan jiki ne da gishirinsa, kuma ga tsoho ko mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini, asarar nan ba ƙarama ba ce. Garin neman gira a rasa ido. Maganin da ya yi aikinsa daidai shi ne wanda mutum zai shiga banɗaki ya fito ba tare da nishi ba, ba tare da zawo ba.

Wani abin da muka koya shi ne ba dole ne kowa ya zaga kullum ba. Daga sau 3 a rana zuwa sau 3 a mako duk ana lissafa shi cikin lafiya, muddin yana fita da sauƙi kuma haka mutum ya saba. Abin dubawa shi ne yanayinsa. Likitoci suna da wani ma'auni da aka wallafa a 1997 daga birnin Biristol na Ingila, wanda ya kasa bayan gida gida 7. Na 1 shi ne ƙanana masu tauri kamar kashin akuya, na 7 ruwa zalla, na 3 da na 4 su ne ake so. Idan likita ya tambaye ku yadda yake, ba raini ba ne, amsarku ce za ta nuna masa maganin da ya dace.

Yanzu Baba ya daina shan duk waɗannan magunguna, kuma abin da ya riƙe shi ba daga kemis yake ba. Inna ta dawo da miyar kuka da kuɓewa da karkashi, da kwaɗon zogale da rama, da wake sau biyu ko uku a mako. Gwanda da lemo da mangwaro a lokacinsu ba sa yankewa a gidan, kuma lemon da ɓargonsa yake ci, ba tsotsa ya yar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Mu da muke zaune a ƙasar da daga Doma har Rukubi da Agbashi kusan duk abin da aka shuka yana fita, bai kamata a ce shayi da burodi da farar shinkafa ne abincin majinyacinmu ba. Harzar da ke cikin ganye da wake ita ce ke riƙe ruwa a hanji ta sa bayan gida ya yi laushi da auki. Amma ita ma sai da ruwa, in ba haka ba ta ƙara cushe ciki. Mun ajiye masa gora a gefen tabarma, ana cika ta safe da yamma. Da la'asar yakan taka zuwa bakin titi ya dawo. Bayan karin kumallo, lokacin da hanji ya fi motsi, yakan shiga banɗaki ya ba kansa lokaci. Tsugunnon da muka gada ma ashe ya fi sauƙaƙa fita, don haka mai masai na zama ya sa ɗan kututture ko kujerar tsugunno ya ɗora ƙafafunsa.

Akwai lokacin da ba a tsayawa neman maganin laushi ko wani jiƙo, asibiti ake nufa kai tsaye. Idan ciki ya kumbura ga amai, kuma ko iska ba ta fita. Idan akwai ciwon ciki mai tsanani. Idan ana ganin jini, ko bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini. Idan mutum yana ramewa ba dalili. Idan wanda ya manyanta ya ga yadda ya saba zagawa ya canza na makonni. Idan jariri ya kwana 2 da haihuwa bai yi kashin farko ba. Ba kowane jini ba ne basir, kuma sunan basir ya ɓoye cututtuka da yawa har lokaci ya ƙure. Mai ciki da ƙaramin yaro kada a ba su komai sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Wanda ya yi mako guda yana shan maganin laushi bai ga canji ba, ya koma wurin likita, kada ya ƙara awo da kansa. In za ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Da muka zauna muka yi lissafi, kuɗin mota da na gado da na ruwan da aka sa wa Baba a daren nan ya ninka kuɗin maganin da muka bari a kemis sau da yawa. Amma abin da ya fi damun mu ba kuɗin ba ne. Mu shida ne a gidan, kullum muna shiga gaishe shi, muna tambayar ɗinki, muna tambayar barci, muna tambayar abinci, babu wanda ya yi tambaya ɗayan da ta fi muhimmanci. Shi yana jin nauyinmu, mu muna jin nauyinsa. Ba don Inna ta lura da buta ba, ba mu san inda abin zai tsaya ba.

Don haka roƙonmu ga duk mai jinyar tsoho, ko mai jego, ko wanda aka yi wa aiki: ku nemo wanda majinyacin ya fi sakewa da shi, ya riƙa tambayarsa kullum a keɓe. Idan likita ya rubuta maganin laushin bayan gida, ku saya ku fara tun ranar farko, ku haɗa da ruwa, ku ba shi kwanakinsa. Idan kuɗi bai kai ba, ku gaya wa likitan ya zaɓa muku abin da za a iya jinkirtawa, kada ku zaɓa da kanku a gaban kanta kamar yadda muka yi.

Baba ya koma gona da daminar nan, sai dai yanzu nuni yake yi da sanda, yara na aiki. Jiya da muka karanta masa wannan rubutu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mu ƙara abu ɗaya: a gaya wa tsofaffi 'yan uwansa su sha ruwa, rakiya banɗaki ba abin kunya ba ce, shi ya gwada ɗaya hanyar ya gani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba.